Malfar Inna da Kambin Sarauniya

A karanta: Esta 4:1-5:3, 2 Sarakuna 9:30-33

Darasinmu na wannan wata a kan tufafi ne, amma ba tufafin kowa da kowa ba. Za mu duba na matan gidan sarauta, watau sarauniyoyi, da iyayen sarakuna mata, da matansu, da 'ya'yansu. Wataƙila wani a Birnin Malam ko Maiyama zai ce, "Ni da nake fama da gonar gero, ina ruwana da zanen gimbiya?" A yi haƙuri a bi mu. Jega da Aliero da Maiyama duk ƙasar Gwandu ce, babban abin da za mu faɗa kuwa a maƙwabtanmu ya faru.

Matar talaka takan ɗaura zane domin ta rufe jiki, ta kare sanyi, ta kuma yi kyau ran biki. Matar gidan sarauta tana da waɗannan bukatu duka, tana kuma da wata. Idon jama'a yana kanta, suna karanta tufarta kamar yadda ake karanta wasiƙa. Suna so su sani ko gidan yana da ƙarfi ko ya raunana, ko tana tare da su ko ta raina su. Ita ma ta san ana karantawa. Domin wannan tufarta magana ce, ko ta buɗe baki ko ba ta buɗe ba.

Esta da Yezebel

Bari mu fara da mata biyu waɗanda dukanmu mun san labarinsu. Kowacce ta yi ado a ranar da ranta yake kan siraɗi.

Doka ce a fadar Farisa, wanda ya shiga wurin sarki ba a kira shi ba, a bakin ransa, sai fa in sarki ya miƙa masa sandan zinariya. Esta kuwa ta yi kwana 30 ba a kira ta ba, ga shi an riga an buga hatimi a kan takardar hallaka mutanenta. Mordekai ya sa tsummoki da toka, amma iyakarsa bakin ƙofa, gama ba a shiga fada da kayan makoki. Esta ma makoki take yi a zuci, har ta yi azumin kwana uku. Duk da haka a rana ta ukun sai ta sa tufafinta na sarauta, ta tsaya inda sarki zai hange ta daga gadon sarautarsa. Kafin ta ce uffan, tufafin sun riga sun tuna masa ko wace ce ke tsaye: matar da shi da hannunsa ya ɗora wa kambi.

Yezebel fa? Sa'ad da ta ji Yehu ya kashe ɗanta, yana kuma kan hanya zuwa Yezreyel, sai ta sa tozali, ta gyara kanta, ta leƙo ta taga. Waɗansu suna tsammani so take ta yaudari Yehu da kyanta. A ganinmu ba haka ba ne, gama maganar da ta jefa masa ta zagi ce. So take kowa ya ga uwar sarki, 'yar sarkin Sidon, tana nan daram. Amma Yehu ya ɗaga murya sau ɗaya, babannin da ke tsaye a bayanta suka jefo ta ƙasa. Tozalin ya faɗi abin da ta aike shi ya faɗa, sai dai ba sauran mai gaskata shi, ko a cikin ɗakinta.

A riƙe wannan, gama za mu sake gamuwa da shi. Mutane ba su karanta tufa ita kaɗai. Suna haɗa ta da abin da suka riga suka sani game da mai ita.

Matan da ba a gani

Yanzu mu komo gida. Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa Jega, ba da daɗewa ba bayan rasuwar mahaifinsa a 1818, kafin ƙarnin nan ya ƙare kuwa ana lissafa kasuwarta cikin manyan kasuwannin daular Sakkwato. Fatake suna bi ta nan da goro daga Gwanja, suna kawo tufafin Kano da na Nufe. Bature mai yawon ƙasa, Heinrich Barth, wanda ya sauka Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, ya yabi saƙar mutanen Gwandu ƙwarai, amma ya ce rininsu ba ya ƙyalli kamar na Kano da Nufe. Ashe kakanninmu sun san tufa, sun kuma san darajar kowace iri. Akwai saƙi mai ɗigo-ɗigo kamar gashin zabuwa. Akwai tsamiya, wadda ake kaɗa zarenta daga saƙar tsutsar daji. Akwai turkuɗi na Kura, wanda aka rina da baba aka buga har yana walƙiya. Akwai barage. Akwai kuma alharini ja wanda raƙuma suke ɗaukowa daga Tarabulus, su ƙetare hamada da shi. Mace in ta fito da zane mai ratsin alharini, ba sai an tambayi gidansu ba.

Amma ga abin mamaki. Matan da suka fi kowa mallakar waɗannan kaya su ne ba a gani. Tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya fara kulle. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, wadda ba a ganin fuskarta fa, wa za a tambaya?

Sai a tambayi waɗanda suke fitowa daga wurinta. Jakadiya tana shiga tana fita. Kuyangi suna kai saƙo. Zabiya ta yi waƙa a cikin gida, ta fito da sabon zane a kafaɗa, gari duka ya ji wadda ta ba ta. Amarya ta tashi daga gidan, mata su taru su ƙirga kayanta ɗaya ɗaya, kafin magariba labari ya kai kasuwa. Wata mai bincike daga Amurka, Heidi Nast, wadda ta yi nazarin Gidan Rumfa, ta nuna cewa kafin jihadi akwai karofi a cikin fadar Kano, ƙwaraƙwaran sarki ne kuwa suke riƙe da aikin rinin. Watau matan nan ba masu ɗaurawa kaɗai ba ne, suna da hannu a kan dukiyar tufa ita kanta. Macen da ke kulle, jikin waɗansu ne allon da take rubuta sunanta.

Inna ta Gobir

Ba dukan matan sarauta ne suke ɓoye ba. A tsofaffin masarautun Hausa akwai sarautun mata: Magajiya a Daura, Iya a Katsina da Maraɗi, Inna a Gobir. Inna daga gidan sarauta take, sau da yawa 'yar'uwar sarki ce. Ita ce shugabar mata, ita ce kuma uwar 'yan bori na ƙasar duka. Takan hau doki kamar namiji, da rawani, a kanta kuma ga malfa, hular nan ta saƙar ciyawa. A kan manomi malfa maganin rana ce kawai. A kan Inna kuwa, kowace mace a Gobir ta san ma'anarta: ga mai iko, ga wadda ake kai wa kuka in ciwo ya ƙi ji, ko haihuwa ta ƙi zuwa.

Kada a ce kayan maza a jikin mace wasa ne a zamanin nan. A 1826 Clapperton, Baturen da ya rasu a Sakkwato shekara guda bayan haka, ya sauka Wawa ta ƙasar Borgu, kudu da Yawuri. Can ya sadu da wata gwauruwa mai dukiya ana ce da ita Zuma. Ya ga ta shigo gari a kan doki mai kayan ado, da jan wando na alharini, da jajayen takalman hawa, da farin rawani, makaɗi yana gabanta. Ita ba sarauniya ba ce. Sarkin Wawa kuwa bai ɗauki abin da wasa ba, gama yana zarginta da neman kawar da shi. Shi ma ya iya karatun tufa.

Abin da Nana Asma'u ta yi da malfa

A nan ne muke so mu daɗe.

Shugabannin jihadi sun zargi sarakunan Haɓe da almubazzaranci. Ba su kuma kyale nasu ba. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, ya yi fushi da waɗansu daga cikin jama'arsu domin ya ga zuciyarsu ta koma kan tufafi masu tsada da dawaki da ƙwaraƙwarai. A 1807 har ya bar rundunar ya nufi gabas, sai a Kano ya tsaya. Cikin irin wannan gida aka haifi Nana Asma'u, 'yar Shehu, a 1793. Ita 'yar'uwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ce, matar Waziri Giɗaɗo kuma. Ba macen da ta fi ta kusa da gadon mulki a Sakkwato. Amma hanyar Inna, ta hawan doki a bainar jama'a, a rufe take gare ta. Hanyar tara alharini kuma, baffanta ya riga ya yi tir da ita.

Ga kuwa aikin da ke gabanta. Alƙalawa ta faɗi a 1808. Mata da yawa na Gobir da sauran ƙasashe suka shigo gidajen Sakkwato da ƙauyukanta, waɗansu a kan bauta, sun kuwa zo da borinsu. Asma'u tana so ta koyar da matan ƙauye, amma ba ta iya zaga ƙauyukan da ƙafarta. Sai ta zaɓi dattijan mata masu hankali, ɗaya daga wannan gari, ɗaya daga wancan. Kowacce ana kiranta jaji. Jaji takan tattaro tsofaffi da 'yan mata waɗanda ba su yi aure ba, su yi tafiya a ƙasa zuwa Sakkwato, su koyi waƙoƙin da Asma'u ta tsara da Hausa da Fulatanci, su koma gida su koya wa matan aure. Su ne ake kira 'Yan Taru.

To, yaya mutanen gari za su san wannan tsohuwa ba yawon banza take yi ba? Yaya maza a hanya za su kauce mata? Asma'u ta ɗauki malfa, irin ta Inna, ta ɗora wa kowace jaji a kai, ta naɗa mata jan ƙyalle a jikin malfar. Naɗi ke nan sosai, kamar yadda sarki yake naɗa hakimi. Jean Boyd, Baturiyar da ta yi shekaru da yawa a Sakkwato tana bin sawun Asma'u, ita ce ta bayyana wannan a littafinta na 1989, bayan ta zauna da jajin zamaninta.

Mu lura da hikimar da ke ciki. Da ta ƙago wata sabuwar alama, sai an yi shekaru kafin matan ƙauye su san ta. Malfa kuwa sun riga sun san ta, suna girmama ta, har suna tsoronta. Asma'u ba ta ce a ƙone ta ba. Ta bar girman yadda yake, ta sauya abin da ake girmamawa. Wadda ke ƙarƙashin malfar a da uwar bori ce, yanzu malama ce. Abu na biyu, a Gobir malfa ɗaya ce, kai ɗaya. Asma'u ta raba ta ga mata da yawa, yawancinsu ba 'ya'yan kowa ba ne. Abin da yake na mutum ɗaya, in aka ba kowane gari nasa, kwarjinin mai shi na fari ya ragu ba tare da an harba kibiya ba. Abu na uku shi ne ya fi ba mu mamaki. Dukan kawunan nan da suke yawo da jan ƙyalle, sunan mace ɗaya suke ɗauke da shi, macen da yawancin masu ganinsu ba su taɓa sa ta a ido ba.

Mu da muke wata bangaskiya dabam ba mu rasa abin lura a nan ba. Duk wanda ya taɓa tunani a kan yadda za a kai sabuwar koyarwa ga mutane masu tsohuwar al'ada, ya san tambayar: me za a rushe, me za a bari, me za a cika da sabuwar ma'ana? Matan zumunta da suke fita taro da zane iri ɗaya su ma sun san abin da tufa take yi wa ƙungiya.

Asma'u ta rasu a 1864, an binne ta kusa da mahaifinta a Sakkwato, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Ba wanda ya zana kamanninta tana da rai. Hotunan da ake gani yau da sunanta, masu zane ne suka ƙaga, kamar yadda suka ƙaga na Sarauniya Amina ta Zazzau da takobi a hannu. Sarautar Inna ma ba ta mutu ba, Gobirawa sun tafi da ita Tsibiri da Sabon Birni.

Sarauniyar da dole a gan ta

Iyayenmu da kakanninmu sun ga wata irin sarauniya dabam. A farkon 1956 Sarauniya Elizabeth ta biyu ta Ingila ta zo Nijeriya, sarakunan Arewa suka taru a Kaduna da dawakinsu, aka yi mata hawan daba. Da rana tsaka ta fito da doguwar rigar biki da kambin lu'ulu'u a kanta, kayan da a ƙasarsu sai da dare ake sawa. A ganinmu lissafi ne. Mutanen da suka yi kwanaki a hanya, sarakuna cikin alkyabba da rawani, ba su zo ganin wata baƙuwa da 'yar hular shan iska ba.

Ita al'amarinta kishiyar na matan kulle ne. Ba ta da ikon yin doka, ba ta kuma faɗin ra'ayinta a kan siyasa. Abin da ya rage mata shi ne a gan ta, gani kuwa ya kori ji. Domin haka ta saba da sa launi ɗaya mai haske tun daga hula har riga, ko rawaya ko kore ko shuɗi, domin wanda ke can ƙarshen taro ya iya cewa ya ga Sarauniya. Rigar naɗinta ta ran 2 ga Yuni 1953, wadda Norman Hartnell ya tsara, an yi mata aikin allura da furanni da tsire-tsiren ƙasashenta: na Ingila da Sikotilan, na Kanada da Ostireliya, har da alkama da auduga na Pakistan. Ba a sa na Nijeriya ba, gama a lokacin muna ƙarƙashin mulkin mallaka. Abin da aka bari a waje shi ma magana ne. A 2011, sa'ad da ta ziyarci Jamhuriyar Ailan, ƙasar da ta yi faɗa da Ingila kafin ta sami 'yanci, inda kuma rabon da wani mai sarautar Ingila ya taka Dublin tun 1911, sai ta sauko daga jirgi cikin koren kaya, launin mutanen ƙasar. Ta rasu a 2022 bayan shekara 70 a kan gado.

Kada kuwa a ɗauka tufa marar ado kullum ita ce mai kawo yabo. A 1783 aka nuna zanen hoton Marie Antoinette, sarauniyar Faransa, cikin farar rigar auduga marar nauyi. Mutanen Faris suka ce ta fito da rigar ciki, ta kuma wulakanta masaƙan alharini na ƙasar. Dole aka sauke hoton. Da ma suna zarginta da ɓarnar kuɗi a kan ado, yanzu kuma suka zarge ta da zubar da girman sarauta. Sun riga sun yanke mata hukunci a zuci, ba rigar da za ta sa ta kuɓuta. Bayan shekara 10 aka kashe ta. Tagar Yezreyel ke nan kuma.

A zamaninmu

Yau katangar fada ba ta tare ido kamar da. Matan sarakuna suna zuwa buɗe asibiti da taron makaranta, 'ya'yansu suna jami'a. Saƙi da tsamiya sun ja baya, leshi da shadda da atamfa sun shigo, yawancinsu daga waje, tun ba ma da masaƙun Kaduna suka durƙushe ba. In ana biki a gidan sarauta, kafin a watse hotuna sun iso wayar da ke hannun yarinya a Aliero, gobe kuma ta kai wa tela ta ce irin wannan take so. A 2021, lokacin auren 'yar Sarkin Bichi da ɗan shugaban ƙasa na wancan lokaci, an yi kwanaki ana gardama a kan ɗinkin riga ɗaya ta amarya, waɗansu na yabo, waɗansu na suka. Gimbiyar yau tana tsakanin masu karatu iri biyu, dattawan gida da idon duniya, abin da ya gamshi wannan kuwa sau da yawa ba ya gamsar wancan. Wataƙila shi ya sa alkyabba ta dawo da ƙarfi a kan amare. Tana rufe jiki yadda dattawa suke so, tana ƙyalli a hoto yadda matasa suke so, tana kuma cewa sarauta. Har 'yan matan da ba su haɗa komai da fada ba sukan ɗauko hayarta ran kai amarya.

Kafin taro na gaba, muna roƙon kowace mace da ta karanta wannan ta zauna da tsohuwar gidansu. A tambaye ta sunayen zannuwan da aka kai ta ɗaki da su, da wanda ya saƙa su, da inda aka rina su, da irin kitson da matan hakimi suke yi tana yarinya. A tambaye ta kuma ko ta taɓa ganin mace da malfa mai jan ƙyalle tana wucewa a hanyar Sakkwato. A rubuta abin da ta faɗa, a zo da shi.